Corolla 4A-FE mai zuƙar mai da baƙin hayaƙi: yadda aikin yake tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba

Motar Corolla ce ƙirar 1994, injin 4A-FE mai 1.6, injekta ce ba kafireto ba, giyar hannu. Abinda ke damunta bari in jero shi yadda nake ganinsa kafin in taɓa komai, saboda idan aiki yayi nisa mutum yakan manta da yadda ciwon ya faro.

Da safe idan tayi sanyi kiki ɗaya take tashi, babu gardama ko kaɗan. Matsalar sai tayi zafi. Idan nayi tafiya na kashe ta na dawo bayan minti goma ko sha biyar, sai ta dinga juyawa tana juyawa bata kamawa, sai na danne totur har ƙasa sannan ta tashi tana tari, baƙin hayaƙi ya fito ta salansa da warin ɗanyen fetur mai shiga ido. Silo ɗinta, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, baya zama wuri ɗaya, wani lokaci ya tsaya wajen 1200 ya ƙi sauka, wani lokaci ya faɗo injin ya dinga karkarwa kamar zai mutu. Ga shan mai, na auna daga cika tanki zuwa cika tanki, kilomita 8 take min a lita ɗaya, injin da bai kamata ya kusanci wannan ba ko a cikin cunkoso.

Fitilar cek bata kawo ba. Allurar zafi a dashbod kullum tana ƙasa, ɗan sama da C kaɗan, bata taɓa zuwa tsakiya ba tunda motar tazo hannuna. Wanda ya riƙe ta kafin ni ma da wannan yayi min tallarta, wai bata san obahitin ba. Na rubuta wannan ma a cikin alamomin ciwo, dan ni ban ɗauke shi abin yabo ba.

Dokar da na sa wa kaina a wannan aikin ita ce ba zan canza kowane abu ba sai mita ta nuna min ya lalace.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na fara da tambayar birenbos, wato kwamfutar motar da ke lissafa man da inji zai sha, ko ya ajiye wani kod, wato lambar da ke nuna abin da ya lalace. Motocin wancan zamanin basu da soket ɗin OBD2 mai fil 16 da ake jona na'urar gwaji, wancan sai 1996 ya zama dole a Amurka. Ita wannan akwai ɗan baƙin akwati a cikin bonet an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa, idan ka buɗe a cikin murfin akwai zanen ramukan da sunayensu. Ka samu guntuwar waya ka haɗa TE1 da E1, ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tada inji ba, sai fitilar cek ta fara ƙyaftawa. Idan akwai kod zata ƙyafta lambar farko, ta ɗan tsaya, ta ƙyafta ta biyu. Misali 22 shine biyu, tsayawa, biyu, kuma shine na sensan zafin ruwa. 21 na oksijin sensa ne, 24 na zafin iska, 25 mai yayi kaɗan, 26 mai yayi yawa, 31 na MAP mai auna matsin iskar manifol, 41 na sensan totur.

Tawa ƙyaftawa kawai take da sauri babu tsayawa, ma'ana babu kod ko ɗaya. A wajen birenbos lafiya lau take.

Na cire fulogai huɗun. Duka baƙi ƙirin, busasshen baƙi mai laushi irin wanda idan ka shafa da yatsa yake fita kamar gari, ba jiƙaƙƙen baƙi mai maiƙo na baƙin mai ba. Kuma abin da yafi ɗaukar hankalina shine duk huɗun iri ɗaya ne. Da nozul ɗaya ke ɗiga ko wayar fulogi ɗaya ta mutu, da ɗaya zai fi sauran muni. Tunda duka ne toh abin da ke jawo shi abu ne da ya shafi injin gaba ɗaya, ko dai matsin mai yayi yawa, ko kuma wani sensa yana faɗa wa birenbos abin da ba haka ba shi kuma yana ta buɗe nozul fiye da kima.

Iya kilina da ƙura amma bata toshe ba. Wayoyin fulogi na auna, babu wadda ta kai om 25,000 da shine iyaka.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yau ɓangaren mai. Na zare ƙaramin tiyon bakum da ke kan regileta mai daidaita matsin mai na shinshina, babu warin fetur kuma a bushe yake, kenan robar cikinta bata fashe ba. Wannan gwajin minti ɗaya ne amma mutane da yawa suna tsallake shi, alhali idan robar ta huje fetur ke bi ta nan kai tsaye ya shiga manifol, kuma alamun iri ɗaya ne sak da nawa.

Na ɗaura gejin matsi, na haɗa +B da FP a wancan akwatin dan famfon mai yayi aiki ba tare da inji na juyawa ba. Ya nuna psi 41, littafin gyara yace tsakanin 38 da 44. Na kashe na zuba masa ido, bayan minti biyar yana nan sama da 35, ƙa'ida kada ya faɗo ƙasa da 21. Toh nozul basa ɗiga kenan. Wannan ya cire min babban wanda nake zargi akan ƙin tashi da zafi.

Kamfireshan ma na auna tunda fulogai a waje suke, psi 178, 175, 180, 176. Mafi ƙarancin da aka yarda dashi 142 ne, kuma sun yi kusa da juna. Cikin injin ƙalau yake, alhamdulillah. Taimin yana kan digiri 10 da TE1 da E1 a haɗe, ban taɓa dilko ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yanzu na shigo kan ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe dan a nan mutane suka fi ruɗewa. Wannan injin abu uku ne ke auna zafin ruwa a cikinsa, kowanne da aikinsa kuma basa magana da juna. Akwai mai waya ɗaya, shi na allurar dashbod ne kawai, jikinsa ne at ɗinsa, wato ta jikinsa yake haɗuwa da bodin mota. Akwai suwic ɗin fanka. Sai mai waya biyu da koren soket, shi ne na birenbos, wayoyinsa THW da E2. Dan haka allura zata iya nuna maka komai daidai alhali birenbos wani abu daban yake gani, ko akasin haka. Duk suna can gefen dilko inda tiyoyin ruwa suke haɗuwa, wurin a matse yake, sai ka kawar da tiyon iska kafin hannu ya shiga.

Shi mai waya biyun ba wani abu bane a ciki illa ɗan resisto da ƙarfinsa ke raguwa idan zafi ya ƙaru. A digiri 20 yana tsakanin om 2,000 da 3,000, a 40 wajen 900 zuwa 1,300, a 60 wajen 400 zuwa 700, a 80 kuma 200 zuwa 400. Birenbos yana tura masa bolt 5 ta cikin wani resisto nasa, ya duba nawa ya rage akan wayar, daga nan yake lissafa zafin. Idan yaga sanyi sai ya ƙara mai ya ɗaga silo, dan fetur baya watsuwa da kyau a inji mai sanyi, wani yana manne wa a bangon manifol. Idan yaga zafi ya kai sai ya rage, ya fara sauraron oksijin sensa yana daidaita mai da kansa.

Da safe kafin in tada ta na zare soket na auna fil biyun sensa, om 2,050, kuma garin wajen digiri 25 yake, daidai kenan. Na mayar, nayi tafiyar rabin awa akan babban titi, na tsaya na kashe na sake aunawa da sauri, om 610. Wannan lissafin digiri 60 ne ko ƙasa kaɗan. Bayan rabin awa ana gudu ya kamata ace 300 da ɗoriya nake gani.

Toh a nan ne da yawa zasu ce shikenan an kama ɓarawo, sensa ya mutu. Amma tambayar ita ce ƙarya yake ko kuwa da gaske ruwan digiri 60 yake? Na ari na'urar auna zafi mai jan haske a wajen yayana, na haska jikin ƙarfen dab da sensa, 58. Na haska tiyon sama, 57. Gaskiya sensan yake faɗa. Injin ne baya yin zafi.

Sannan ga wani abu da na daɗe ina ji ban bashi muhimmanci sosai ba, fanka tana kamawa da zarar an murɗa makulli, ko inji bai tashi ba. Na leƙa sai naga soket ɗin suwic ɗin fanka a zare, an naɗe shi da baƙin tef an cusa bayan tiyo. A tsarin wannan motar idan ka zare shi fanka bata tsayawa, haka aka ƙera ta da gangan dan idan waya ta tsinke kada inji ya ƙone.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gwajin hannu, inji da sanyi. Na tada ta na riƙe tiyon lagireto na sama, tun minti biyu ya fara ɗumi a hankali a hankali tare da injin. Mota mai tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji yayi zafi, ba haka take ba, lagireto yana zama da sanyi har sai inji ya kai zafinsa, sannan lokaci ɗaya kaji zafi ya kwararo. Na bari ta huce sarai, na zubar da ruwan a roba, na kwance noti biyu na gidan tamostat. Wayam. Babu komai a ciki sai ragowar gam da aka shafa a madadin gasket.

Wannan abin yana min ciwo wallahi, dan ana cire tamostat ne da niyyar taimakon mota, a ganin mai cirewar yana tare ruwa ne. Amma inji an ƙera shi ne yayi aiki a tsakanin digiri 80 da 90 da wani abu, fistin da ringi sai a wannan zafin suke cika ramin su yadda ya dace, baƙin mai sai a nan yake korar ruwa da fetur da suka sulale cikinsa. A mota mai kafireto abin da sauƙi, amma a mai injekta kana cire shi ka bar birenbos yana jiran zafin da ba zai zo ba, motar ta zama kamar tsohuwar mota da aka ja wa cok aka manta ba a mayar ba. Idan mota tana obahitin dalilin yana wani wuri, lagireto ya toshe, ko murfinsa baya riƙe matsi, ko fanka, ko famfon ruwa, ko tof gasket. Cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake.

Ruwan da na zubar ma ja ne jawur da tsatsa, alamar an daɗe ana zuba mata zallan ruwa babu kulan, wato ruwan maganin lagireto mai hana tsatsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sabon tamostat yazo, an buga 82 a jikinsa. Kafin in ɗaura na rataye shi da waya a tukunya, kada ya taɓa gindinta, na sa ma'aunin zafi a ruwan na kunna wuta. Wajen 82 zuwa 83 ya fara buɗe baki, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe sosai, ƙa'ida milimita 8 ko fiye a digiri 95. Na cire ya huce ya rufe ruf. Suwic ɗin fanka ma na jefa shi a tukunyar da mita a jikinsa, da sanyi yana haɗe, ya wuce 90 kaɗan ya yanke, da ya huce zuwa 83 ya sake haɗewa. Lafiyarsa ƙalau, babu dalilin zare shi tun farko.

Na wanke lagireto da hita da ruwa har sai da ya fara fitowa fari. Na ɗaura tamostat da ɗan ƙaramin fil ɗinsa mai motsi yana kallon sama, ta nan iska ke fita. Kulan rabi ruwa rabi. Wajen cire iska na buɗe hita har ƙarshe, murfin lagireto a buɗe tun da sanyi, na bar ta a silo ina matsa tiyon sama ina ƙara ruwa duk sanda ya sauka har kumfa ta daina fitowa. Dan Allah 'yan uwa kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji da zafi, matsin da ke ciki ya kusa bar ɗaya (wajen psi 13), ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa zai tashi gaba ɗaya ya watso maka a fuska.

Allura ta hau ta tsaya ɗan ƙasa da tsakiya, karo na farko. Fanka ta kama da kanta, tayi kamar rabin minti ta tsaya.

Asabar, 19 ga Oktoba

An samu sauƙi amma ba a gama ba. Hayaƙin ya ragu sosai, hita tana hura zafi, amma silo har yanzu yana maƙalewa a 1000 zuwa 1100 da zafi, kuma jiya ta sake min gardamar tashi bayan na ajiye ta minti goma. Wani lokacin kuma ina tsaye a danja sai silo ya sauka 750 ya zauna lafiya lau na ɗan lokaci, sai kuma ya sake hawa ba tare da na taɓa komai ba.

Yaya yazo ya tsaya a kaina yana kallo, yace kai ƙanena wannan birenbos ne, ka nemo wani ka gwada kawai ka huta. Nace Yaya bari dai in gama da wayoyi tukuna, shi birenbos abin da aka faɗa masa yake aikatawa. A iya abin da na sani yana daga cikin abubuwan da suka fi daɗewa basu lalace ba a irin waɗannan motocin, amma shi aka fi saurin ɗora wa laifi.

Na auna sensa da zafi, soket a zare, om 315. Daidai da digiri 80 da ɗori, na'urar haske ma 84 ta nuna. Toh sensa gaskiya yake faɗa, inji ya kai zafi, me yasa har yanzu take yi kamar da sanyi?

Sai nayi wani gwaji. Inji da zafi na bar soket ɗin a zare na tada ta. Fitilar cek ta kawo nan take, kod 22. Amma motar kiki ɗaya ta tashi, silo ya zauna 750 ko motsi baya yi, warin fetur ya ɗauke. Dalili kuwa idan birenbos yaga wayar ta yanke gaba ɗaya ya san ba zai yiwu ba, sai ya watsar da ita ya ɗauka ruwan digiri 80 ne ya cigaba da aiki a haka. Wato da babu sensa tafi lafiya akan da sensa a jone. Kenan tsakanin fil ɗin sensa da birenbos akwai abin da ke canza labarin a hanya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Yau na kwanta a ƙasan dashbod na zaro birenbos daga bayan konsol, soket ɗinsa a jone, na soka siraran allurai ta bayan THW da E2. Da zafi ya kamata in ga ƙasa da bolt 1, wajen rabin bolt. Abin da na gani 1.3. A lissafin birenbos wannan ruwa ne mai digiri 45 ko kusa da haka. Na bar mita a inda zan hango ta ta gilas, na zagaya na kama koren soket ɗin na ɗan girgiza shi, lambar ta faɗo 0.55, silo ya sauka a kunnena, na saki ta koma 1.1, na sake taɓawa ta haura 1.6.

Na kashe mota na zare soket na haska cikinsa da tocila. Ramukan biyu sun yi kore shar, irin koren tsatsar tagulla, ɗaya har da farin gari a bakinsa, kuma bakin ƙarfen ya saki baya kama fil. Na janye robar bayan soket ɗin, wayar E2 silin tagulla uku ne kacal suka rage a riƙe, sauran sun ruɓe sun zama baƙi. Na shafa yatsa a gindin fil ɗin sensa naji danshi, na duba da kyau sai ga siririyar tsaga a robar inda ta haɗu da tagullar. Ruwa ne ke tsattsafowa ta cikin sensan da kansa yana shiga soket a hankali, ƙila shekara da shekaru.

Abin da ya faru a fili yake yanzu. Tsatsar ta ƙara om ɗari shida ko fiye akan layin. Da sanyi sensa yana 2,000 da wani abu, ƙarin 600 baya canza abu mai yawa, kuma dama inji mai sanyi mai yake so, shi yasa take tashi lafiya da safe. Amma da zafi sensa 315 ne kacal, ka ɗora masa 600 ya zama 900 da ɗori, ka ninka shi sau uku kenan. Birenbos yana ganin 45 a inda ake 85, wajen tadawa sai ya zuba man da ya dace da inji mai ɗumi-ɗumi a cikin inji mai zafi, fulogai su jiƙe. Danne totur da nake yi iska nake ƙara mata shi yasa take kamawa daga baya.

Kuma babu kod saboda 1.3 lamba ce mai yiwuwa. Irin wannan tsohon birenbos ɗin yankewa ko haɗewar waya kawai yake ganewa, wato kusan bolt 5 ko kusan sifili. Duk abin da ke tsakani karɓa yake. Bashi da wayon da zai ce ya za'ayi inji yayi minti talatin yana aiki ruwa bai wuce 45 ba, motocin baya ne suka zo da wannan lissafin, irin kod P0125 da P0128 na OBD2. Shi yasa auna sensa a fil ɗinsa kawai bai isa ba, sai ka auna a inda birenbos yake karɓa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Sabon sensa da sabon soket mai guntun wayoyi sun iso. Sabon na gwada shi a tukunya shima kafin ɗaurawa, om 2,400 a digiri 21, 1,150 a 40, 590 a 60, 320 a 80, yana sauka sumul babu tsalle. Tsohon ma na jefa shi dan in sani, lambobinsa kusan ɗaya da sabon. Resiston cikinsa bai mutu ba, tsagar jikinsa ce ta sa dole ya tafi, in da na canza soket kawai na bar shi da sabon soket ɗin ma ya ruɓe.

Doguwar sifanar soket mai lamba 19 ke kwance sensan. Inji da sanyi, murfin lagireto a rufe, idan ka shirya sabon a hannu ka musanya da sauri ruwan da zai zuba kaɗan ne. Sabon wosha na sa, na ɗaure daidai ba da ƙarfi ba dan gidan alminiyom ne. Wayoyin na yanke baya har sai da naga tagulla mai sheƙi, sai da na ci kusan tsawon yatsa dan tsatsar ta bi cikin robar, nayi soda na rufe da robar nan mai tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef a wannan layin ba gyara bane, nan da wata shida om ɗin zasu dawo.

Tunda ina wurin na goge fil ɗin mai waya ɗaya na dashbod shima. Wanda zai canza wannan kada ya naɗa masa farin tef a zare, ta zaren yake samun at.

Na cire fiyus ɗin EFI mai 15A na ƙirga fiye da sakan goma na mayar, kod 22 ya goge. A birenbos yanzu da sanyi bolt 2.1, ina kallo tana sauka a hankali babu tsalle har 0.5, na girgiza soket ko gezau. Silo ya fara daga 1300 ya dinga sauka da kansa ya tsaya 750.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Satin nan duk inda na kashe ta da zafi kiki ɗaya take tashi, ban sake danna totur ba.

Na canza baƙin mai da filtarsa, tsohon yayi ruwa-ruwa yana warin fetur, ma'auni ma ya haura sama da cikakke, fetur ne da ke wanke bangon silinda yana gangarawa ƙasa. Duk wanda motarsa ta daɗe tana irin wannan shan man kada ya bar wannan baƙin man a ciki ko da lokacinsa bai yi ba. Fulogai sababbi. Totur bodi da bawul ɗin silo na wanke su, baƙin da ke ciki ba kaɗan ba.

Sai oksijin sensa, wanda ya daɗe yana shan hayaƙi. Gwajinsa a wancan akwatin ne dai, inji da zafi a riƙe shi a 2500 na minti biyu, a haɗa TE1 da E1, a sa mita tsakanin VF1 da E1, mai allura tafi daɗin kallo. Ya kamata allurar ta kaɗa sau 8 ko fiye a cikin sakan goma. Nawa sau 5 zuwa 6 yake yi. Yana aiki amma a kasale. Ba zan canza shi yanzu ba, zan bashi doguwar tafiya ya ƙone baƙin da ke kansa in sake gwadawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Bayan tafiya mai nisa akan babban titi na cika tanki na lissafa, kilomita 12 da ɗan ɗori a lita, haɗe da yawon cikin gari. Na zaro fulogi na 1 da na 4, farin tangaran ɗin ya koma ruwan ƙasa mai haske, a bushe. Bakin salansa na goge shi fes kafin tafiyar, yanzu ɗan toka-toka ne kawai a yatsa.

VF1 ya koma sau 7, wani lokaci 8. A bakin iyaka yake, zan sake dubawa bayan tanki biyu, idan bai wuce haka ba zai tafi.

Abu ɗaya sabo ya fito tunda injin ya fara kaiwa zafinsa da matsinsa na gaskiya, ruwan robar ajiya yana raguwa kaɗan, kuma naga farin sawu a ƙasan famfon ruwa wajen ɗan ramin da ke jikinsa. Gejin matsin lagireto zan ɗaura mata gobe da safe da sanyi in ga ko daga nan ne ko daga tiyon hita. Idan famfon ne toh tare da taimin bel zan yi su, dan sai an buɗe murfin bel ɗin ake isa gare shi da kyau, kuma babu wata takarda a motar da ta nuna yaushe aka canza shi.